Gwiwar Goggon Sama

Zuwa ga Takwarata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da aikinki da sanyin garin naku da kike ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Hawan jinin ya kwanta, ido yana gani, kunne ne dai ya ƙi. Don haka ki daina wahalar da kanki da kirana a waya ina ta "iye? iye?" Rubuto kawai.

Jiya Uwar Tagwaye, maƙwabciyata ta ƙasa da ni, ta tambaye ni wai ke wace ce a wurina. Na fara warware mata cewa kakarki ta wajen uba da uwata uwarsu ɗaya, kafin in kai ƙarshe ta fara hamma. Na ce to a taƙaice, sunana aka ba ta, kuma a gindin keken ɗinkina ta koyi tafiya.

Yanzu ga maganar. Gwiwoyin nan sun ci amanata. Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce amosanin gaɓɓai ne, wai guringuntsin da ke tsakani ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ni dai abin da na sani, in na miƙe sai in ji kamar ana taka tsakuwa. Ranar da muka dawo daga asibiti, a kan kujera ƙarti biyu suka hau da ni, ina lilo kamar buhun gawayi, kowa na leƙowa. Tun ranar ban sake sauka ba.

Yayanki Injiniya ya ce ya gaji. Wai benen ba lif, ni kuma ina can ƙololuwa, in wuta ta tashi wa zai sauko da ni? Ya gyara min ɗaki a gidansa, a ƙasa, can bayan gari. Na san don ƙauna yake yi, ɗana ne, amma Takwara, ina zan kai ɗakin nan? Nan Marigayi maigidana ya kawo ni. Da la'asar rana takan shigo ta kwanta a kan keken, in ɗora ƙafa a kan feda ko ban taka ba, in yi ta kallon shanyar mutane tana kaɗawa a kan rufin gidaje. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ji takunsa yana hawowa yana fito, ledar lemo a hannu. Ba ya ƙarasowa, amma ina jin sa har kwanar ƙarshe ta matakala. A gidan Injiniya ta ina zai hawo?

Ki yi masa magana, yana jin taki. Ki gaida abokan aikinki.

Goggonki, wadda 'yan bene ke kira Goggon Sama

*

Goggona,

Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ko jaka ban ajiye ba. Ina lafiya, sanyi ne dai har yanzu bai san ni baƙuwa ba ce. Allah ya ƙara miki sauƙi.

Na kira Yaya Injiniya, mun daɗe muna ja. Da ƙyar ya yarda da wannan: zai bar ki har ƙarshen damina. In a lokacin kin sauka da ƙafarki har ƙofar titi, kin kuma hau da ƙafarki, maganar tashi ta mutu. In ba haka ba, ya ce ko ni ba zan sake sa baki ba. Na amsa a madadinki, ki yafe min.

Ga kwalabe biyu nan a cikin kwalin. Kin san a masana'antar da ake ɗura irinsu nake aiki. Tun safe suna wucewa ta gabana a jere kamar 'ya'yan agwagwa, ni kuma ina duba murfi. Da, in na gaji, tunanin gida nake yi. Yanzu kowace ta wuce sai in ce ko wannan ce ta gwiwar Goggo.

Farar ƙwayar sunanta gulukosamin, ruwan ɗorawar kuma man kifi ne. Ki ji ni da kyau, Goggo: ba magani ba ne irin na asibiti, ƙari ne a kan abinci. Wasu sun ce sun ji sauƙi, wasu sun ce ko gezau, kuma masu binciken ma bakinsu bai zo ɗaya ba. In zai yi aiki, sai an daɗe ana sha kullum ba fashi, shi ya sa na aiko wanda zai kai ki ƙarshen damina. Kafin ki fara, a nuna wa likitanki kwalaben saboda maganin hawan jininki. Kada kuma ki bar motsa ƙafar da ya koya miki, na san halinki.

Daga nan iyakar abin da hannuna zai iya kai miki ke nan, kuma abin yana cina.

Takwararki

*

Takwarata,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Lafiya lau muke, ruwa ya sauka sosai, gwiwata kuma ta riga kowa sani, tun hadari bai haɗu ba take ba ni labari.

Kwali ya iso. Injiniya ya kai wa likita kwalaben, ya ce ba laifi in sha, amma kada in sa rai da yawa. Na ce da shi rai ai ba a sa shi da awo.

Kai, ruwan ɗorawar nan akwai kyau! Kafin in haɗiya sai na ɗaga ta a taga, rana ta ratsa ta, ta zama kamar an ɗiga zuma. Har kunyar haɗiye ta nake ji. Shekaranjiya bayan na sha na kishingiɗa, sai na ga wai matakalar benenmu ta zama ruwa, ni kuma ina gangarawa a cikinsa a hankali, zanena ko jiƙewa bai yi ba, kifaye suna ba ni hanya. Na farka ina dariya, ga gyatsar kifi. Farar kuwa ba ta da fara'a, ƙatuwa ce, sai da ruwa kofi guda.

Ko sauƙi ne ko jin daɗin an tuna da ni ne, ban sani ba, amma jiya na taka keken har na haɗa hannun riga guda.

Abin da ya sa na rubuto da wuri: kwalaben sun ƙare ƙarƙaf, duka biyun. In da hali ki ƙaro, kuma ki fi yawaita mai ruwan ɗorawar, ta fi shiga rai.

Goggonki

*

Goggo,

Ina fatan kina lafiya, kuma da gaske nake tambaya, ba gaisuwa ba ce. 

Sun ƙare kamar yaya? Abin da na aiko ya kai ki ƙarshen damina, damina ko rabi ba ta yi ba! Goggo, da hannu kike ɗiba? Na san ki, in kika sa abu a gaba ba kya jin bari. Kin ga lokaci na tafiya, kin ce bari ki ninka don gwiwa ta yi sauri, ko ba haka ba? Ba a yin haka, wallahi ba a yi. Yawansa ba ya ƙara komai sai wahalar ciki, kuma ga maganin hawan jininki. Mafarkin ruwan nan ma da kika ba ni labari, yanzu tsoro yake ba ni, ko jiri ne yake ɗibarki kina ce masa mafarki.

Don Allah a kira likita ya duba ki. Ba zan aiko ko ƙwaya ɗaya ba sai na ji gaskiyar abin da kika sha. Ban gaya wa Yaya Injiniya ba, don in ya ji, gobe zai zo da mota, sharaɗi ko ba sharaɗi. Amma in na ji shiru, zan gaya masa.

Ni na jawo wannan. In wani abu ya same ki, da wane ido zan kalli dangi?

Takwararki

*

Goggo,

Gaisuwa kuma. Shiru har yanzu. Kullum na dawo aiki akwatin wasiƙa nake fara buɗewa, ba komai sai takardun talla. Na kira wayarki tana ta ƙara, na san tana cikin kwabar zare inda kike jefa ta.

Na kira Yaya Injiniya da sunan gaisuwa. Ya ce ya leƙa ki, kina nan kina yi masa tsiya a kan tumbinsa. Na ɗan samu numfashi, na haɗiye maganar. Amma shi bai san abin da zai duba ba.

Jiya a wurin aiki na bar kwalabe sun wuce ba murfi har shugabar layinmu ta dafa ni ta ce ko in je in zauna. In fushi kike yi da ni, ki yi fushin a takarda.

Takwararki

*

Takwarata, sarkin gaggawa,

Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Takardunki biyu a rana ɗaya suka zo hannuna. Uwar Tagwaye ce mai hawo min da wasiƙa, ita ce mai kai tawa gidan waya, to ta tafi jinyar 'yarta da ta haihu, makullin akwatin wasiƙar kuma yana cikin jakarta. Fushi kuwa na yi shi, amma bayan na karanta. Ni ce zan ɗibi magani da hannu kamar gyaɗa? Guda-guda nake sha, yadda kika ce.

Ga inda ƙwayoyinki suka tafi. Ranar da kwalin ya iso, Mai Burodi na ƙasa ne ya karɓa, ya hawo da shi da kansa. Kin san shekarunsa nawa a tsaye gaban tanda? Ya iso yana haki, ya dafa ƙofa, gwiwarsa na ƙara ina ji duk da kunnen nan nawa. Ya ce, "Goggon Sama, me aka aiko mana daga nesa?" To ke a ce ke ce, me za ki ce? In ce maganin gwiwa ne, sauka lafiya? Na ƙulla masa nasa a ƙyalle.

Kafin la'asar labari ya gama bene. Direba, tsohon nan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka kulocin bas, ya hawo wai ya zo gaishe ni, mutumin da rabonsa da ƙofata tun rasuwar Marigayi. Ya zauna yana ta shafa gwiwa yana kallon kwalbar kamar mai zance. Uwar Tagwaye kuwa ba ta roƙa ba, ita da take hawa da sauka dominina, shi ya sa nata ya fi na kowa. Benen nan kaf guragu ne, Takwara, kowa ɓoyewa yake yi.

Na san kin ce sai an daɗe ana sha. Na karanta, na gane. Amma saƙo ya zo daga nesa, ya wuce ƙofar kowa kafin ya iso tawa, in rufe ɗaki in haɗiye ni kaɗai? Da ya tsaya min a wuya.

Kuma ki ji abin da ya biyo baya. Yanzu kullum da hantsi sai sun hawo, wai mu sha tare kada wani ya manta. Da ƙwayoyin suka ƙare ma ba su daina ba. Mai Burodi na kawo na jiya da bai sayar ba, ni ina dafa shayi, mu baje ƙafafu muna motsa su yadda likita ya koya min, Direba na ba da umarni kamar yana fitar da mota daga tasha. Ya rantse gwiwarsa ta hagu ta warke. Uwar Tagwaye ta ce ai ta dama ce mai ciwon.

Tawa dai tana nan yadda take. Ina gwada matakala in ba kowa, nakan kai kwanar farko in dawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Goggonki

*

Goggona,

Alhamdu lillahi. Na yi kuka, na yi dariya, har maƙwabciyata ta buga bango. Ki yafe min zargin da na yi miki. Na manta wace ce Goggona, matar da ko ƙosai... a'a, ko ruwan sanyi ta samu sai ta nemi wanda za ta raba da shi.

Amma tsaya, akwai magana mai nauyi. Ba Direba ne aka yi wa aikin zuciya ba? In yana shan maganin tsinka jini, kada ya sake taɓa ƙwayoyin nan, fara ko ruwan ɗorawa, sai likitansa ya yarda, don suna iya sa jini ya ƙi tsayawa. Ki gaya masa yau, ba gobe ba. Sauran ma kowa ya tambayi nasa likitan. Abin da ya zauna lafiya a cikin wani ba lallai ya zauna a cikin wani ba.

Na sake aiko kwali. Akwai kwalba biyu da na ɗaure da jan zare, naki ne ke kaɗai, na roƙe ki. Sauran ki yi yadda kika ga dama, tunda na ga ba a hana ki.

Goggo, bari in faɗi abin da nake ta kewayewa. Ko da kin sha na farkon duka, ban sani ba ko da ya kai ki ƙofar titi ya dawo da ke. Ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. Ni ce na ɗaura miki sharaɗin nan don ina so in ji ina da amfani daga nesa, kuma damina ta kusa ɗaukewa. Ina tsoron ranar. In kin ce in sake roƙon Yaya Injiniya ya ƙara lokaci, zan roƙa.

Takwararki

*

Takwarata,

Ina gaishe ki da kyau. Lafiyata lau. Ki duba bayan ambulan, adireshin ya canza. Kada ki yi kuka tukuna, bari in ba ki labarin yadda aka yi.

Na gaya wa Direba saƙonki. Ashe kuwa yana shan maganin. Likitansa ya yi masa faɗa, ya hana shi, yanzu shayi kawai yake zuwa sha, yana cewa an yi masa kora da hali. Naki na jan zare na sha su ni kaɗai, Allah shaida. Ƙarin lokaci kuwa na ce kada ki roƙa. Alkawari ne, an riga an yi.

Da damina ta ɗauke, Injiniya ya zo da safe, sama ta yi wasai. Na yi wanka, na sa leshin nan mai ruwan toka, na haɗa shayi na rufe shi da faranti a kan tebur, na ce in na hau sai in sha da hujja. Na kama ƙarfen matakala, na ce bismillah.

Takwara, ashe jirana suke yi. Kowace kwana na kai sai ƙofa ta buɗe. Uwar Tagwaye ta biyo bayana, Direba ya shiga gaba yana tafiya da baya yana cewa, "Taho, taho, yanke hagu, akwai wuri." Mai Burodi ya rufe shago ya taro mu a tsakiya da gari a gemu. Ka ga jerin guragu, kowa na cije leɓe yana ba wani haƙuri. Injiniya na gefe, hannunsa a buɗe bai taɓa ni ba, gumi ya jiƙa masa riga fiye da ni. Ciwo kam na ji shi har cikin haƙorina. Amma wani abu ya riƙa zuwa min kamar a mafarki: ƙamshin tanda yana ƙaruwa, ƙarar titi tana matsowa, hasken ƙofa yana girma.

Na sauka. Da ƙafata na taka titi. Na manta yadda ƙasa take, Takwara. Daga sama mutane kawuna ne kawai da lema, ashe suna da fuska. Wata yarinya mai jakar makaranta ta gaishe ni, rigar da ke jikinta ni na ɗinka wa yayarta. Itacen bakin hanya da nake ganin kansa kullum, na dafa jikinsa, da ɗumi. Na daɗe a tsaye, iska na taɓa min idon sawu.

Sai na juya na ɗora ƙafa a matakin farko. Na ce wa gwiwa mu je. Ta ce ita ta iso. Na sake gwadawa, na ja da hannu biyu, ko ɗagawa jikina bai yi ba. 

Injiniya ne ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Inna, ya isa, kin ci. Na janye. A kawo kujera a mayar da ke, zan san yadda zan yi." Direba da Mai Burodi har sun fara naɗe hannun riga, su da ko kansu da ƙyar suke hawarwa.

Na ɗaga kai na kalli matakalar har inda ta ɓace a duhu. In sun hau da ni yau, yaushe zan sake dafa itacen nan? Kuma gwiwar wa zan ƙarasa kafin in mutu, ta Uwar Tagwaye ko ta Mai Burodi? Na sauke ƙafata da kaina. Na ce, "Kai, tashi, kana ɓata wando. Kawo motar."

Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi kuka a hanya, kuma har yau in la'asar ta yi sai kewa ta kama ni. Ban yi sallama da ɗakin ba. Ban san fitar ƙarshe nake yi ba, da na tsaya na dube shi ko sau ɗaya. Amma kada ki ɗora wa kanki komai. Ba ki ba ni sabuwar gwiwa ba, kin cika min ɗaki da mutane a daminata ta ƙarshe a cikinsa.

Kafin motar ta tashi na kira Uwar Tagwaye ta taga, na danƙa mata makullin. Ta ce me za a fara saukowa da shi, keken ko akwatuna? Na ce wannan na Injiniya ne, ke dai hau a hankali, akwai shayi a kan tebur na rufe da faranti, ki shanye kafin ya huce.

Goggonki